Motsin ɗa a ciki: yadda za ki gane na ɗanki, da lokacin da ba a jiran gari ya waye

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu cikin fari. Maganar motsin ciki nake so mu yi, don abu ne da kowace mai ciki take ji a jikinta amma ba kasafai ake zaunar da ita a yi mata bayaninsa ba. A wajen awo layi ya yi tsawo, nas tana sauri, tambaya ɗaya ce "yana motsi?" ki ce eh, a rubuta a kati a kira ta bayanki. A gida kuma nauyi ya hana ki tambayi uwar miji, ita ma mahaifiyarki in ɗan fari ne kawar da kai take yi saboda kara. Toh sai mace ta kai har wata tara tana ɗauke da babbar hanyar da za ta san lafiyar abin da ke cikinta amma ba wanda ya nuna mata yadda ake amfani da ita.

Ɗa yana fara motsi tun ciki na wajen wata biyu, a sikanin ana ganinsa yana ɗan zillo, sai dai ya yi ƙanƙanta ainun ba za ki ji ba. Yawancin mata suna fara ji ne tsakanin sati 16 zuwa sati 24, wato daga wata huɗu zuwa wata biyar da rabi haka. Mai cikin fari takan kai sati 18 ko 20 ko ma ta ɗan wuce, wadda ta saba haihuwa kuwa tun sati 16 za ki ji ta ce ya fara, ba don nata ya fi lafiya ba fa, ta dai riga ta san abin ne, da ya taɓa ta ta gane shi. Kuma lissafin satin nan na asibiti daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ake fara shi, ki riƙe wannan don kar lissafinki da na kati su riƙa saɓawa kina tayar da hankalinki a banza.

In kika tambayi mata goma yadda suka ji motsin farko sai ki samu amsa goma. Wata ta ce ita iska ta ɗauka, irin wadda ke yawo a ciki in an ci wake, har kanwa ta so ta sha. Wata ta ce kamar ƙaramin kifi ya yi wutsil a mararta ya wuce. Wata ta ce irin rawar da fatar ido ke yi ce, ɗil-ɗil-ɗil, amma a ƙasan cibiya. Akwai mai cewa kamar tsutsa, har ta tsorata ta fara tunanin maganin tsutsar ciki, akwai mai cewa kamar ana yi mata cakulkuli daga ciki da ɗan yatsa, akwai kuma wadda ba ta da abin kwatantawa sai dai ta ce "wani abu dai ya taɓa ni". Duk gaskiya suka faɗa. A farkon nan motsin ba shi da ƙarfi kuma ba shi da tsari, yau ki ji gobe shiru jibi ki ji sau biyu, wannan ba abin damuwa ba ne a wata na huɗu da na biyar. Yadda za ki bambance shi da iska: ita iska tana tafiya ne da ƙugi da murɗa, ta zaga ta fita ki samu sauƙi, shi kuwa motsin ɗa wuri guda yake taɓawa, yawanci ƙasan cibiya, ya tsaya ya sake, kuma kullum ƙara fitowa fili yake yi.

Akwai matan da ke daɗewa ba su ji ba, ko su ji sama-sama, alhali bebi lafiyarsa ƙalau. Babban dalili shi ne inda mabiyiya ta kama. In ta kwanta ta gaban mahaifa, wato tsakanin ɗan da fatar cikinki, ita ke shanye bugun kafin ya iso gare ki, shi ya sa yana da kyau in an yi miki sikanin ki tambaya "mabiyiyar ta gaba take ko ta baya?" Mai jiki sosai ma takan ɗan makara, haka wadda wuni take a tsaye tana hidima ba ta zauna ba balle ta saurara. Amma akwai iyaka. In kin cika sati 24 ba ki taɓa jin komai ba, kar ki ce ai wance ma haka ta yi, ki je a saurari bugun zuciyarsa a yi hoto.

Daga wata shida zuwa bakwai labari ya canza, yanzu ba sai kin kasa kunne ba. Nan ne mata ke cewa "ya harbe ni", "ya naushe ni", "ya juya gaba ɗaya", "yana miƙa". Za ki ga ƙullutu ya taso a gefen ciki ya bi ya ɓace, dunduniya ce ko gwiwa ko gwiwar hannu, wani lokaci cikin ya karkace gefe guda ki ga ya zama wani iri. In kansa na ƙasa harbin a haƙarƙari za ki fi ji, har numfashi ya ɗan ɗauke miki, in kuwa zaune yake ƙafafu na ƙasa toh mafitsara ce ke shan wahala, kina fitowa daga banɗaki ki ji kina son komawa. Motsin yana ta ƙaruwa har wajen sati 32, daga nan sai ya tsaya a wannan matakin har haihuwa. Ki lura da abin da na ce, tsayawa yake a inda ya kai, ba raguwa yake ba, za mu dawo kan wannan.

Abu biyu ne suke rikita mata a nan. Na farko shaƙuwa. Eh, ɗa yana shaƙuwa a ciki, za ki ji tik... tik... tik a wuri ɗaya, tazara iri ɗaya, na 'yan mintuna sannan ya daina. Ba ciwo ba ne, amma ba a sa shi cikin lissafin motsi don ba da niyyarsa yake yi ba. Na biyu taurin ciki, inda za ki ji cikin gaba ɗaya ya ƙulle ya yi tauri na kamar rabin minti ko minti ɗaya sannan ya saki. Wannan mahaifa ce ke gwajin naƙuda, ba ɗan ne ya motsa ba. Na nanata wannan ne saboda akwai matan da ɗansu ya yi shiru tun jiya amma suna jin cikin yana ɗaurewa yana saki sai su ce ai yana motsi.

Yanzu ga ainihin aikin. Daga sati 28, wato kina shiga wata na bakwai, ki koyi halin ɗanki. Ba na maƙwabciyarki ba, ba na cikinki na baya ba, wannan ɗin da ke jikinki yanzu. Kowane ɗa da tsarinsa. Wani da asuba yake tashi, kina alwala yana wutsil-wutsil. Wani sai kin ci tuwon dare kin kwanta sannan ya fara nasa aikin, kuma irin waɗannan su suka fi yawa, da yamma zuwa dare motsi ya fi yawa ga akasarin yara. Wani in kin sha abu mai sanyi, wani in an kunna rediyo ko babansa ya yi magana kusa. Suna kuma barci, minti 20 zuwa 40 a lokaci guda, da wuya ƙwarai barcin ya wuce minti 90. Ki riƙe wannan adadin da kyau, don shi ne amsar mai ce miki "barci yake yi" alhali tun safe shiru. Ba ɗan da ke barcin wuni guda a ciki.

Hanya mafi sauƙi da na sani ta koyon halinsa ita ce ki haɗa shi da lokutan salla, tunda dama su ne suka raba mana wuni. Bayan kowace salla, kina zaune kan darduma, ki tambayi kanki, daga waccan sallar zuwa wannan na ji shi? Yaya ƙarfinsa, irin na kullum ne? Ba sai kin rubuta komai ba, sati ɗaya kina haka za ki ga kin haddace shi, kin san tsakanin azahar da la'asar dama shiru yake yi, bayan isha kuwa ba ya fashi. 'Yar uwata Kirista ke ma haka, ki ɗauki lokutan cin abinci da na kwanciya, safe, rana, yamma, dare.

Sai kuma ƙirge. Ki zaɓi lokacin da kika san ya fi motsi, ki yi fitsari tukun, ki kwanta ta gefen hagu ki sa filo tsakanin gwiwoyinki, ki ajiye waya gefe bayan kin duba ƙarfe nawa, a kashe talabijin, in akwai yara a ba wani ya riƙe miki su. Ki ɗora hannu kan cikin. Duk harbi, juyi, miƙa, ko shafa da kika ji ɗaya ne, in ya yi uku a jere ba tsayawa ki ɗauke su ɗaya. Ki ja carbi, ko ki ware ƙwayar wake goma kina mayar da ɗai-ɗai cikin murfi, don kar barci ko tunani ya ɓatar miki da lissafi. In kin kai goma ki sake duba agogo. Yawancin yara ba sa kai rabin awa sun cika goman, wasu minti goma ma ya ishe su. Ma'aunin da likitoci da yawa ke bayarwa shi ne goma cikin awa 2. In awa 2 ta cika kina kwance kina saurare ba ki samu goma ba, ki tashi ki sa hijabi, asibiti za ki.

Amma dan Allah kar lambar goman nan ta zame miki abin dogaro ita kaɗai. A Ingila yanzu abin da ake koya wa masu ciki shi ne ba wani adadi ɗaya da ya dace da kowa, canjin da ke kika gani shi ne magana, kuma ni a ganina wannan ya fi kusa da gaskiya. Misali ɗanki ya saba cika goma cikin minti 15, harbi mai ƙarfi har ki ce wash, yau kuma sai da ya ci awa ɗaya da rabi, motsin ma a sanyaye kamar mai jin kasala. A takarda ya cika goma cikin awa 2, amma ke kin san ba haka yake ba. Wannan ma zuwa asibiti ne. Haka in ya yi wani irin motsi na fitar hankali wanda bai taɓa yi ba, kamar yana kokawa, sannan ya yi tsit, shi ma kar ki zauna.

Dalilin da ya sa ake matsawa haka, bari in yi miki bayaninsa don in kin fahimta ba wanda zai iya lallaɓa ki ki zauna. Ɗa ba ya numfashi da hanci a ciki, iskarsa da abincinsa duk ta mabiyiya da cibiya suke zuwa daga jininki. In wani abu ya rage wannan hanyar, hawan jini ne, zazzaɓin cizon sauro ne da ya taru a mabiyiya, ƙarancin jini ne, ruwan da yake ciki ne ya ragu, ko mabiyiyar ce ta gaji saboda ciki ya wuce lokacinsa, toh abin da jikinsa ke fara yi shi ne tattali. Ya rage motsi ya tura ɗan jinin da ke akwai zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wato raguwar motsi tana zuwa ne tun zuciya na bugawa, tun akwai abin da za a iya yi, a ba ki magani, a ƙara miki jini, a kwantar da ke a sa ido, ko a tayar da naƙuda ko a yi aiki a ciro shi da ransa. Wannan tazarar wani lokaci kwana ce, wani lokaci awoyi ne kawai. Cikin matan da suka haifi ɗa ba rai, kusan rabi sun ce sun lura motsi ya ragu kafin abin ya faru. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara, ɗaya a kowane sakan 16, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan rashin. Rai na Allah ne, wannan ba mai ja, amma Shi ɗin ne Ya sa mana alama a jikinmu kuma Ya hore magani.

Toh maganganun gida fa, waɗanda ake faɗa da kyakkyawar niyya amma suke zaunar da mace? Wadda ta fi yawa ita ce "ai ya girma ne ba wuri, in haihuwa ta kusa dama shiru suke yi". Ba haka ba ne wallahi. Abin da ke canzawa a wata tara salon motsin ne, harbin nan mai tsalle ya koma turi da miƙa da murzawa saboda wuri ya matse, amma yawansa na nan, ƙarfinsa na nan, har cikin naƙuda ɗa mai lafiya yana motsi. Ta biyu "ciki ne ya kwanta". Mun taso muna jin labarin kwantaccen ciki, wai ya yi shiru sai an yi rubutu ko an sha saiwa ya tashi. Ni dai abin da zan ce miki, cikin da ya saba motsi ya daina, sikanin ne kawai zai faɗi abin da ke faruwa, kuma in ɗa ya rasu a ciki aka bar shi ana jiran ya tashi, uwar ce ke shiga haɗari, ciwo zai iya shiga jininta ko jinin ya ƙi tsayawa wajen haihuwa. Ki yi addu'arki, ki tofa, ki sha rubutunki in kina sha, amma a hanyar asibiti. Ta uku kuma ta raha ce, wai mai yawan harbi namiji ne, mai lafewa mace, ko na dama namiji na hagu mace. Ba komai a ciki, sai dai inda take cutarwa shi ne a ce wa mai cikin da ya yi sanyi "ƙila mace ce, su dama ba su da hayaniya".

Akwai kuma dabarun zamani da su ma ke jawo jinkiri. A ce ki sha ruwan ƙanƙara ko lemon kwalba ko ki ci alawa ya farka. In kin sha ba laifi, amma ko ya ɗan motsa sau ɗaya bayan nan wannan bai nuna lafiya ba, kar ki ce shikenan ki juya ki yi barci. Sai 'yar na'urar jin bugun zuciya da ake tallarta a intanet mata na saya suna gwadawa a ɗaki. Ban ba ki shawara ba. Za ki iya jin bugun jijiyarki ki ɗauka nasa ne, kuma ko nasan kika ji, zuciya na bugawa ba ya nufin ba ya cikin wahala, na riga na faɗa miki motsi ne ke fara raguwa kafin zuciya. Haka zuwa kemis a auna miki jini a ce lafiya lau, ko kiran ƙawa a waya, ko tambaya a guruf ɗin WhatsApp a yi ta ba ki labarin wadda nata ya yi kwana uku shiru ta haihu lafiya. Allah Ya kiyaye ta ne, ba hujja ba ce.

Ki duba kuma abin da kike sha. Maganin mura mai sa barci, maganin tari mai kodin, tiramol, duk suna ratsawa su kwantar da ɗa, sigari da shisha ma suna rage masa iska, har hayaƙin wanda ke sha kusa da ke. In kin sha wani abu makamancin haka ki faɗa wa nas gaskiya in kin je, ba don a yi miki faɗa ba, don su san inda za su duba. In azumi kike yi kuma kika ji motsi ya ja baya, ki sha ruwa nan take ki tafi a duba ki, Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame in ta ji tsoro ga kanta ko ga ɗanta, kya rama daga baya.

Yanzu maganar tafiyar kanta, don na san da yawa ba rashin sani ke hana su ba, yadda za a fita ne. Ƙarfe ɗayan dare, maigida ya yi tafiya, ba a fita sai da izininsa, wayarsa ba ta shiga, ba adaidaita a layi, kuɗi ba a hannu. Wannan shirin tun wata shida ake yinsa. Ki zauna da shi cikin natsuwa ki ce, Baban wane, in na ji motsi ya tsaya ko na ga jini ko faya ta fashe ba ka nan, ka yarje min in tafi asibiti ba sai na jira ka ba? Ya faɗa da bakinsa, in da hali a gaban Hajiya ko wani babba na gidan don kar ranar a tsaya gardama. Ki ajiye lambar mai adaidaita ko mai mota biyu na unguwa da kika san za su ɗaga waya da dare. A wasu jihohin arewa akwai tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke kai masu ciki asibiti in ta ɓaci, ki tambaya wajen awo ko a tashar garinku ko yana aiki. Ki ware ɗan kuɗi daga adashe ki ɓoye su a jakar haihuwa tare da katin awo da takardar sikanin, kar a taɓa su ko don cefane. Kuma ki san wane asibiti ne ke da ɗakin haihuwa a buɗe dare da rana, don ba kowane ƙaramin asibitin unguwa ba ne ke da mai kwana.

Ku kuma maza da iyayenmu mata, in ta ce muku "yau ban ji shi daidai ba", dan girman Allah kar amsar ta zama raki ne ko a bari gari ya waye. Ita kaɗai ce a duniya take jin abin nan, kuma mai cikin fari kafin ta iya buɗe baki ta faɗa wa surukarta wannan maganar ta daɗe tana juya ta a ranta.

In kin isa, kar ki bi layin awo ki zauna shiru har a zo kanki, ki wuce ɗakin haihuwa ko wajen nas ta farko da kika gani ki faɗa a fili: cikina sati kaza ne, ɗana ya saba motsi lokaci kaza, rabon da in ji shi sosai tun ƙarfe kaza. Kar ki ce "ba na jin daɗi ne", za a ɗauka zazzaɓi ne a ce ki jira. Abin da ya kamata a yi miki, a saurari bugun zuciyarsa da abin nan mai kama da ƙaho ko da na'ura, na mai lafiya yana tsakanin 110 zuwa 160 a minti. A auna hawan jininki, a duba fitsari, a auna tsayin ciki, in akwai zazzaɓi a gwada maleriya. A manyan asibitoci akwai na'urar CTG, a ɗaura miki bel biyu a ciki na kamar minti 20 tana zana bugun zuciyar a takarda, sannan in da buƙata a yi sikanin a ga girmansa da yawan ruwa. In an ji bugu kawai aka ce ki tafi alhali ke har yanzu ba ki ji motsi ba, ki ce cikin ladabi, sista har yanzu fa bai motsa ba, ina so likita ya gan ni ko a tura ni hoto. Haƙƙinki ne. In kuma tare da rashin motsin akwai jini, ko ciwon ciki mai tsanani da ba ya saki, ko ciwon kai mai ƙarfi da gani dishi-dishi da kumburin fuska da hannu, ki faɗe su tun a bakin ƙofa, waɗannan na ƙarshen alamun jijjiga ne, ba a wasa da minti ɗaya.

Wadda ke tsakanin sati 24 da 28, ke ba a sa ki ƙirga goma ba tukun don tsarinsa bai gama zama ba, amma in kin saba ji kullum sai ya ɗauke, ki je a saurara. Mai 'yan biyu, ba lallai ki iya bambance wane ne ya motsa ba, kar ki wahalar da kanki, in dai jimillar ta ragu ko gefe ɗaya ya yi tsit ki tafi.

Sauran abin da ke hannunki kafin a kai ga haka ba su da yawa. Daga sati 28 ki riƙa kwanciya ta gefe in za ki yi barci, ko na rana ne, don in kika yi rigingine nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, in kin farka kin gan ki a rigingine ba komai ki juya kawai. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki karɓi Fansidar, maganin kariya daga maleriya da ake bayarwa wajen awo wata-wata daga wata na huɗu, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini ko suna sa ki tashin zuciya, ki gwada shan su da dare bayan abinci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau 8 maimakon 4, kuma yawancin ƙarin a watannin ƙarshe yake, sati 30, 34, 36, 38, 40, daidai lokacin da mata ke gajiya su daina zuwa.

Sau da yawa za ki je a duba a ce lafiya lau, wani lokaci ma ana ɗora na'urar ya fara harbi kamar da gayya, ki ji kunya ki ce na tayar da mutane a banza. Ba a banza ba ne, kuma kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka je sau ɗaya kan raguwar motsi haka ake sallamarsu su ƙarasa cikinsu lafiya. Ki koma gida ki ci gaba da saurarensa bayan kowace salla kamar da. In jibi ya sake yin sanyi ki sake komawa, ko da jiya-jiya aka duba ki, ko da nas ɗin da kika tarar ita ce dai ta ranar, ki kuma gaya mata wannan ne karo na biyu, don wadda abin ya maimaita mata ana yi mata binciken da ya fi na farko zurfi, a yi sikanin a duba girman ɗan da ruwansa, in cikin ya isa haihuwa a zauna da ke da maigida a yi shawarar ko za a tayar da naƙuda.